Ra'ayi: Idan ɗan kokawa ya karye a Dawce, wa zai riƙe gidansa?

Da zarar an ɗaure dammunan gero an kai rumbu, sai ganguna su fara tashi a ƙauyukan gundumar Kance. Daga Dawce har Matameye samari kan ɗaura walki, jama'a su zagaye fili, a kama. Wanda ya yi kaye a ɗaga shi sama, makaɗa su wasa shi, masu hali su manna masa kuɗi a goshi. Wanda aka kayar ya karkaɗe ƙasar jikinsa ya koma gefe. Akwai kuma na uku da ba a cika zancensa ba, wato wanda ya faɗi bai tashi ba, aka ciccibe shi a amalanke ko a bayan babur aka nufi gidan mai ɗori da shi.

Wannan na ukun sau da yawa magidanci ne. Yana da mata da ƙananan yara, wataƙila da tsohuwa a ɗaki. Jikin da ya shiga fili da shi, da shi yake noman gero da wake da damina, da shi yake saran rake a fadamun Matameye, da shi yake tafiya cin rani Kano ko Agadas. Ranar da kafaɗarsa ta goce ko gwiwarsa ta tsinke, tukunyar gidan ce ke fara jin zafin. Saboda haka duk maganar inshorar lafiya da za a yi wa 'yan kokawa, in ba ta ambaci sunan matarsa da 'ya'yansa ba, rabin magana ce. Kuma bai kamata a bar masa nauyin sayenta shi kaɗai ba, alhali akwai masu cin moriyar gumin da yake zubarwa.

Masu wasan zari-ruga sun riga kowa shan wannan darasi, kuma sun sha shi da tsada. Wasan nasu bai da farin jini a Damagaram, amma duk wanda ya taɓa kallonsa a talabijin ya san dangin kokawa ne: ƙarti su rungumi juna, su tura, su maka mutum da ƙasa. A 1980 wani ɗan wasan Afirka ta Kudu mai suna Chris Burger ya karye a wuya ana tsakiyar wasa a birnin Bloemfontein, ya kuma rasu sanadiyyar raunin. Kyaftin ɗinsa, Morné du Plessis, da abokan wasansa suka kafa asusu da sunansa domin tallafa wa 'yan wasan da suka samu mummunan rauni a laka ko a ka. Asusun yana nan har yau, an haɗa masa sunan wani mamacin, Petro Jackson. Abin lura shi ne sai da aka binne mutum tukuna aka tuna da asusu.

A 1995 wasan ya koma sana'ar albashi, kuɗi suka shigo, manyan kulob-kulob suka fara ɗaukar nauyin lafiyar 'yan wasansu. Aka ɗauka an gama. Sai ga Steve Thompson, wanda ya ci kofin duniya da Ingila a 2003, ya fito a watan Disambar 2020 yana da shekara 42 ya bayyana cewa yana fama da cutar gushewar tunani, har ba ya iya tuna wasannin da suka kai shi ga kofin. Shi da ɗaruruwan tsoffin 'yan wasa suka maka hukumar zari-ruga ta duniya da ta Ingila da ta Wales a kotu, su kuma hukumomin suna kare kansu. Ko yaya shari'ar ta kaya, mai jinyar Thompson a gida ba alƙali ba ne, matarsa ce. Ciwon ya bayyana ne shekaru bayan ya ajiye wasa, lokacin da babu sauran kwantiragi tsakaninsa da kowane kulob.

Akwai darasi na uku da ya fi kusa da halin da ake ciki a karkara. A watan Satumbar 2022 hukumar zari-ruga ta Ingila ta dakatar da kulob ɗin Worcester, kuma cikin abubuwan da ta nema ya kasa kawowa har da shaidar cewa yana da inshora. Bayansa Wasps ya durƙushe, a shekara mai bi London Irish ma ya bi sahu. 'Yan wasa suka wayi gari babu albashi. Idan a ƙasar da ke da asibitin gwamnati kyauta kariyar ɗan wasa tana iya rushewa tare da ubangidansa, to ina ga ɗan kokawar Dawce wanda ubangidan nasa wani ɗan kasuwa ne ko ɗan siyasa da yake saya masa buhun shinkafa idan ya ga dama?

Kokawa a Nijar ba ƙaramin abu ba ce. Tun 1975 da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko, ƙasar kan tsaya cak kusan kwana goma a kowace gasa. Jihohi 8 kowace ta kawo ƙarti 10, su 80 ke nan. Isaka Isaka na Doso ya ɗaga takobi karo na shida a Agadas a ƙarshen 2023, sunansa ya shiga kowane gida. Filin kokawar Damagaram kansa sunan ɗan kokawa yake ɗauke da shi, Langa-Langa. Gwamnoni da ministoci da kamfanonin waya da na aika kuɗi duk sukan hallara, ana shelar kyaututtuka na miliyoyin sefa da babura da buhunan abinci, akwai kuma likitoci a bakin fili.

Sai dai waɗannan 80 ɗin su ne kan tudu. Kafin a zaɓo goman da za su wakilci Damagaram, an yi kokawa a ƙauye, an yi a gunduma, an yi a matakin jiha. A nan ƙasa ne yawancin karaya ke faruwa, a filin da babu likita, babu motar asibiti, babu mai ɗaukar hoto. Wanda ya karye a ranar kasuwa a wani ƙauyen Dawce ba zai taɓa shiga lissafin kowa ba. Shi ne kuma tushen gasar, don in babu irinsa babu inda za a samo sarkin gobe.

Gwamnati ta yi wani abu a fannin lafiya, kuma ya kamata a faɗa. Tun 2006 doka ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, kuma tiyatar haihuwa ma kyauta ce. Daga 1 ga Satumbar 2024 aka rage kuɗin ayyukan asibitocin gwamnati da rabi, aka mayar da haihuwa kyauta. Wannan ya rage wa talaka nauyi. Amma duk uwar da ta taɓa kai yaro likita ta san cewa kyautar takan tsaya a bakin ɗakin magani: idan gwamnati ta yi jinkirin biyan asibiti, magani ya yanke, sai a rubuta mata takarda ta je ta saya. Shi kuwa ƙato ɗan shekara 27 da ya karye a cinya ba ya cikin jerin masu kyauta. Zai biya kuɗin mota daga Dawce zuwa asibitin gunduma a Matameye. In abin ya fi ƙarfinsu a tura shi babban asibitin Damagaram, ya biya hoton ƙashi, ya sayi ƙarfen da za a sa masa, ya ciyar da mai jinya, a kuma nemi wanda zai nome gonarsa idan damina ta riske shi a kwance. Asusun CNSS da ke biyan diyyar haɗarin aiki na ma'aikata masu albashi ne, kokawar ƙauye kuwa ba ta da takardar albashi.

Shi ya sa ake rugawa gidan mai ɗori. Ba don mutane ba su san asibiti ba, sai don mai ɗori yana karɓar kaza ko 'yan jikkuna kaɗan, ya kuma yi haƙuri har kaka. A ƙaramar karaya sau da yawa akan dace. Amma tsinkewar jijiyar gwiwa ko taɓuwar laka ba aikin karan dawa da tsumma ba ne, kuma ɗaurin da ya matse fiye da kima yana iya kashe hannu har a kai ga yankewa.

To ina kuɗin ke fitowa idan abin ya kai ga asibiti? A sayar da akuyar matar, a sayar da ragon layya, a jinginar da gona, sannan a buga waya. Wayar takan sauka a Legas, ko Abidjan, ko Tamanrasset, ko Tripoli, wurin wani ƙane ko wa da ke dako ko gadi ko tallan shayi. Shi kuma ya ranto, ya ruga ofishin Nita ko Amana ya turo. Yankin Kance ya san farashin irin wannan rayuwa fiye da ko'ina. A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawarwakin mutane 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara, mafi yawansu daga wannan yanki. Babu wanda ya ce kokawa ce ta tura su. Amma gidan da mai ciyar da shi ya kwanta, kuma aka sayar da abin da ya rage, matansa da yaransa ne ke hawa irin wannan hanya.

Gaskiyar magana ita ce, 'yan cin rani su ne kamfanin inshorar ƙauyukansu tun da daɗewa. Bambancin kawai shi ne suna biya bayan ɓarna ta auku, a lokacin da komai ya fi tsada, kuma kowa shi kaɗai yake ɗaukar nasa.

Kada wannan ya sa a ɗauka cewa zuwa ofishin kamfani a Damagaram a sayi takarda ya wadatar. Yawancin mutane a nan sun san inshora ne a matsayin takardar mota da jandarma ke tambaya a shinge. Ta lafiya kuwa an ɗinka ta ne daidai jikin ma'aikacin banki ko na ƙungiyar agaji a Yamai, wanda ake cire masa kuɗi daga albashi duk wata, kuma asibitocin da ke karɓar katinsa suna unguwarsu. In aka ɗauko wannan riga aka sa wa ɗan kokawa, za ta yage a wurare da dama.

Wuri mafi haɗari shi ne ƙananan rubutun da ke bayan takarda. Kamfanonin inshora a ko'ina cikin duniya sukan cire raunin da aka samu a wasannin faɗa ko a wasan da ake samun kuɗi da shi, sai dai in an rubuta shi ɓaro-ɓaro an kuma ƙara kuɗi. Ɗan kokawa zai iya biya shekara uku, ranar da ya karye a fili a nuna masa layin da ya ce ban da kokawa. Takardar da Faransanci aka rubuta ta, shi kuwa allo ya yi. Duk wanda zai sa hannu a madadin 'yan kokawa, abin da zai fara nema ke nan: kalmar kokawar gargajiya a rubuce cikin abubuwan da aka ɗauka, a filin gasa da wurin atisaye, a birni da ƙauye.

Sai batun yadda ake biya. Akwai tsarin da majiyyaci zai fara biya daga aljihunsa, ya tara rasiɗai, ya kai ofis a mayar masa. Wannan bai da amfani ga wanda matsalarsa tun farko ita ce rashin kuɗin a hannu. Wanda zai yi aiki shi ne a nuna kati a yi magani, kamfani ya biya asibiti kai tsaye, kuma asibitin ya zama na Matameye da ƙananan gidajen likita na karkara, ba wata kilinik da ke Yamai mai nisan kilomita kusan 900 ba. A tambayi kason da ya rage a wuyan majiyyaci, a tambayi iyakar abin da kamfani zai biya a shekara, a tambayi ko kuɗin motar ɗaukar mara lafiya na ciki. Mutanen wannan yanki da dama sukan tsallaka ta Ɗan Barto su nemi magani a Daura ko Kano, to a san tun wuri ko katin yana tsallaka iyaka tare da su.

Akwai kuma dokar CIMA, ƙungiyar da ke tsara harkar inshora a ƙasashen Afirka 14 ciki har da Nijar. Tun 2011 ƙa'idarta ita ce babu kariya sai an biya kuɗi tukuna. Ba a cin bashin inshora. Manomi kuwa kuɗinsa na kaka ne. Duk tsarin da zai nemi ya riƙa biya wata-wata har cikin Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, zai mutu a shekarar farko. A karɓi na shekara gaba ɗaya a watan Nuwamba ko Disamba, lokacin da ake sayar da wake da gyaɗa, wanda kuma shi ne lokacin da ake buɗe filayen kokawa.

Me ya sa sai an haɗa da iyali? Da farko don adalci, tunda su ke jinya. Amma ko ta fuskar lissafi ma haka ya fi. Kamfanin da aka kawo wa 'yan kokawa zalla ya san an tara masa masu karyewa ne, don haka zai tsuga kuɗi. In aka haɗa da mata da yara da ƙanne, yawan masu zubi ya ƙaru, haɗarin ya bazu. Ruwanda, wadda tsarin inshorarta na al'umma ya game mafi yawan 'yan ƙasar, ta gina shi ne a kan gida: ana rajistar mutanen gida gaba ɗaya, don kada a riƙa kawo mara lafiya kaɗai a bar masu lafiya a waje. Ban da haka, magidancin da ya ga katin ya yi wa ɗansa maganin zazzaɓin cizon sauro a watan Satumba shi ne zai sabunta shi a Disamba. Wanda ya biya shekara biyu bai karye ba, bai kuma ga amfanin komai ba, cewa zai yi an cinye masa kuɗi.

A ɗauki misali don a ga girman abin, ba don an ƙirga kowa ba. In 'yan kokawa 1,000 a faɗin jihar Damagaram aka zuba wa kowannensu jika 12 a shekara, an tara sefa miliyan 12. Wannan ba zai ɗauki nauyin kowace cuta ta gidaje 1,000 ba, kuma duk wanda ya ce zai ɗauka yaudara yake yi. Amma kuɗi ne da za a iya zama da kamfani a yi ciniki a kansu, a ce ga abin da muke so: karaya, tiyata, motar asibiti, kwanciyar yara. Mutum ɗaya da jika 12 a hannu ko kujera ba za a ba shi ba.

Wa zai zuba? Hukumar kokawa ta ƙasa, FENILUTTES, ita ce ke da ikon cewa ba mai shiga fili a gasar da ta amince da ita sai da lasisi, kuma lasisin ya zo da inshora a jikinsa. Haka hukumar zari-ruga ta Faransa ke yi: kuɗin lasisin ɗan wasa, ko na ƙaramin kulob ɗin ƙauye ne, yana ɗauke da kason inshora. Kamfanonin da ke rataya tutocinsu a filin Langa-Langa su san cewa tallan da suke yi a kan jikin mutane suke yin sa, a yanka wani kaso na kuɗin tallan a zuba. 'Yan siyasar da ke shelar kyautar babur a lasifika su ma akwai inda za su fi taimakawa, ko da yake an san dalilin da ya sa suka fi son babur: ana ganinsa, ana tafa masa, katin asibiti kuwa ba ya ɗaukar hoto. Hukumomin garin Dawce da na Matameye suna iya sa sharaɗi ga duk mai shirya kokawar da ake karɓar kuɗin ƙofa. Sannan shi ɗan kokawar ya sa nasa, ko kaɗan ne, don abin da mutum bai sa ko dala ba ba ya bin kadinsa.

Za a ce ai 'yan kokawa ba za su yarda ba, wai sayen inshora kamar kiran tsautsayi ne. Wannan bai kama hankali ba ga duk wanda ya taɓa ganin ɗan kokawa yana shiri. Layu a damtse, guru a ƙugu, rubutun sha a gora, duk kuɗi aka biya, kuma tun kafin a shiga fili aka biya su. Mutumin da ya saba kashe kuɗi don neman tsari kafin faɗa ba baƙo ba ne ga wannan tunani.

Damuwar da ta fi nauyi ita ce ta addini, domin malamai da yawa suna ganin inshorar kasuwa tana da garari da riba a ciki. Amsar wannan tana nan, wato takaful, inda masu zubi ke bayar da kuɗinsu a matsayin taimakon juna, kamfani ya zama mai kula da asusu ana biyansa ladan aiki. A Najeriya kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna aiki da wannan tsari, kuma CIMA ta fitar da ƙa'idojinsa a 2019. A gida ma akwai tushe. Tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, wanda daga baya ya bazu ƙasashe da dama, ya koya wa matan karkara zubin mako-mako, da ajiye wani abu a gefe don ranar rashin lafiya ko rasuwa. Matan 'yan kokawa da yawa suna cikin irin waɗannan ƙungiyoyi. Su ya kamata a fara zama da su, kuma a hannunsu ya kamata katin gida ya zauna, tunda su ke kai yara likita lokacin da maigida yake Kano.

Abin da ya fi wuya, wanda zari-ruga ma da duk kuɗinta ba ta gama warwarewa ba, shi ne tsufa. Ɗan kokawa kan ajiye walki tun bai kai arba'in ba, ciwon gwiwa da na baya kuwa sai daga baya suke zuwa karɓar bashinsu. Inshorar da ke ƙarewa ranar da lasisi ya ƙare za ta sake shi daidai lokacin da ya fara buƙatarta. Dole a rubuta cewa wanda ya yi wasu shekaru yana zubi yana da damar ci gaba da zama a cikin rukunin bayan ya daina kokawa, a kan kuɗin da sauran ke biya, ba tare da an ce ciwonsa tsoho ne an cire shi ba. Kamfani ba zai so wannan sharaɗi ba. A nan ne za a gane ko masu ciniki a madadin 'yan kokawa sun san aikinsu.

Su kuma 'yan Dawce da ke Legas da Abidjan da Aljeriya ba sai sun jira hukuma ba. Kusan kowane gari yana da ƙungiyar 'yan asalinsa a WhatsApp, inda ake tara kuɗin gyaran masallaci ko na kai gawa gida. Irin wannan ƙungiya tana iya tara sunayen 'yan kokawar garinsu da na iyalansu, ta wakilta mutum biyu da suka iya karatun Faransanci su zagaya kamfanoni biyu ko uku a Damagaram, su karɓo farashi a rubuce, su kai wa shugaban asibitin Matameye ya duba ko zai karɓi katin. In ya ce ba zai karɓa ba, kada a biya ko dala, a zuba kuɗin a asusun ƙungiya mai sa hannun mutum uku har a samu kamfanin da asibitin ya yarda da shi.